Django: na sa prefetch_related amma shafin manoma bai daina jan ƙafa ba

Ɗan Fadama:
Assalamu alaikum. Ina haɗa wa wata ƙungiyar manoman shinkafa a Argungu manhajar bin bashin taki, da Django, wato tsarin gina manhajojin intanet da yaren Python. Kowane manomi yana da ƙauyensa, yana kuma da jerin biyan da ya yi da buhunan shanshera. Shafin da sakatare ya fi buɗewa yana jero manoma 300, a gaban kowane suna ƙauyensa da biyansa na noman ranin bana kaɗai, ban da na shekarun baya.

A kwamfutata ba laifi. Da na ɗora a saba, wato kwamfutar da ke riƙe manhajar a intanet, sai shafin ya kama jan ƙafa, sakatare ya kira ni wai wayarsa ce ta lalace ko manhajar. Django Debug Toolbar, kayan binciken matsala, ya nuna mini tambaya 602 ake aika wa rumbun bayanai, alhali na sa prefetch_related a kan biya don ya kwaso biyan kowa a tambaya ɗaya. A cikin zagayen da ke bin manoma ɗaya bayan ɗaya nake kiran manomi.biya.filter don in ware na bana. Ina matsalar take?

Bazamfare:
Wa'alaikumussalam. Ƙanena, wannan filter ɗin ne ya kashe maka aiki. Abin da prefetch_related ya ajiye shi ne amsar biya.all kawai. Da zarar ka ce filter, Django ya ɗauka sabuwar tambaya ce, sai ya yi watsi da abin da ya kwaso ya koma rumbu. Ka yi lissafi: 1 ta manoma, 1 ta kwason da ba a taɓa ba, 300 na biya, 300 na ƙauye. Ka ga 602 cif. Kamar ka aiki yaro kasuwar Jega ya yo sayayyar gida gaba ɗaya, sannan ka riƙa mayar da shi yana sayo maka kayan ɗaya bayan ɗaya.

Tun Django 1.7 akwai Prefetch, a can ake yin tacewar:

`Prefetch("biya", queryset=Biya.objects.filter(kaka=bana).order_by("-rana"), to_attr="biyan_bana")`

Yanzu manomi.biyan_bana jeri ne na Python, ko sau nawa ka taɓa shi rumbu bai sani ba. Saboda order_by ɗin, biyan ƙarshe shi ne na farko a jerin. Ƙauye kuwa, tunda ɗaya ne ga kowane manomi, select_related ya dace da shi, JOIN ne, wato haɗa teburin manoma da na ƙauyuka a cikin tambayar farko. Za ka dawo tambaya 2.

Ɗan Fadama:
Allah Ya saka, Yaya. Ya sauko 2, ban da tambayoyin shiga manhajar. To sakatare yana son jimillar takin da kowa ya karɓa da jimillar abin da ya biya. In sa Sum biyu a annotate, don rumbu ya tara wa kowane manomi jimillarsa?

Malama Gusau:
Kul, Malam. In ka sa Sum biyu a kan alaƙa biyu daban, JOIN zai ninka layukan. Manomin da ya karɓi taki sau 2 ya biya sau 3 zai fito layi 6, takinsa ya ninku uku, biyansa ya ninku biyu. Babu kuskuren da zai bayyana a allo, sai ranar taro wani dattijo ya miƙe ya ce shi buhu huɗu ya karɓa, ina aka samo sha biyu. Ka ɗauko kowace jimilla da Subquery da OuterRef, wato ƙaramar tambaya daban a cikin babbar, ko ka tara ta a Python tunda jerin yana hannunka. A kan mutum 300 ni ta Python zan bi, ta fi sauƙin karantawa ga wanda zai gaje ka.

Sannan mi ya sa sai an zubo 300 a shafi guda? Ka sa Paginator mai raba jeri shafi-shafi, hamsin-hamsin. Mai waya a Bayawa da sabis sanda ɗaya zai gode maka.

Bazamfare:
Gaskiyar Malama. Kuma Prefetch yana zuba lambar kowane manomi a cikin jerin IN na tambayar, in rumbunka SQLite ne da ya girmi sigar 3.32 ta 2020 iyakarsa lamba 999 ce, ƙungiya na girma za ka ci karo da shi. Ka rubuta gwaji da assertNumQueries, mai ƙirga tambayoyi, a kan shafin, don ranar da wani ya sake cusa filter a cikin zagaye gwajin ya faɗi tun kafin sakatare ya kira.

Ɗan Fadama:
Rumbun PostgreSQL ne a saba, ba SQLite ba, Yaya. Hamsin-hamsin ɗin ne za a sha daga, don sakatare ya saba buga duka a takarda ya kai wa shugaba. Sai dai in yi masa maɓallin bugawa daban.