Auna lokaci a duniyar da ba ta da rana

Tambayar da aka tattauna ita ce: yaya mazauna duniyar da ba ta da rana za su auna lokaci? An fara yarda da abu ɗaya: rashin rana ba ya hana duniya juyawa. In sama a buɗe take, a kafa sanduna biyu a jere, a zaɓi tauraro mai haske, a ƙirga daga giftawarsa saitin sandunan zuwa dawowarsa. Yininsu ke nan. A duniyarmu awa 23 ne da minti 56. Shekara kam babu, tunda ba a kewaya komai, sai a bi zagayen wata idan akwai.

Mazauna kogo, da ba sa ganin taurari, su rataya ƙarfe mai nauyi da doguwar waya su kaɗa, kamar yadda masanin kimiyya Foucault ya yi a Paris a 1851. Layin lilonsa zai riƙa karkata a hankali saboda juyawar ƙasa. Hattara dai: a kan layin da ya raba duniya biyu ba ya karkata sam.

Agogon ruwa, wato auna lokaci da ɗigar ruwa daga tulun sama zuwa na ƙasa, ya fi jawo gardama. Sanyi na rage gudun ɗigo, haka ma raguwar ruwa a tulu, don haka dole a ajiye shi wurin da ɗuminsa ba ya canzawa, tulun sama kullum cike har baki.