Fatsar ƙuda: igiyata tana ƙullewa, ƙudan yana tsinkewa ta baya, ina matsalar take?

Sabon_Hannu ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa masu fatsa, barkanmu da war haka. Dan Allah ina neman wanda ya san kan fatsar ƙuda, wato wadda ake ɗaura gashin tsuntsu da zare a jikin ƙugiya ya yi kama da ƙwaro a jefa shi bisa ruwa. Ni dai na daɗe ina fatsa irin ta dalma da tana, hannuna ya saba, in na wurga tana zuwa inda nake so. To kwanan nan na samu sanda mai ƙafa 9 lamba 5 da ril ɗinta, wato abin naɗe igiya, da igiya ita ma lamba 5, amma wlh abin ya ƙi min. In na kai sandar baya na dawo da ita sai in ji tas! a bayana, in duba ƙudan babu shi ya tsinke, wani lokacin kuma igiyar ta zube a gabana a dunƙule ko mita 6 ba ta kai ba, ga kuma wasu ƙananan ƙulli da nake samu a jikin siririn zaren gaba wanda ni ban ƙulla su ba. Na ƙara ƙarfi abin sai daɗa lalacewa yake. Sandar ce ba ta da kyau ko igiyar ce ta yi min nauyi? Don har na fara tunanin canza su.

Dattijon_Gaɓa ya rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kar ka canza komai tukuna, ƙafa 9 lamba 5 ita ce sandar da aka fi ba mai koyo, kuma tunda lambar igiya ta yi daidai da ta sanda kayanka lafiya lau suke. Hannunka ne yake yin aikin fatsar dalma da kayan fatsar ƙuda.

A wancan da ka saba, dalmar ce mai nauyi, ita kake jefawa ita kuma ta ja zaren ya bi ta. Nan kuwa ƙudan ba shi da nauyin komai, ka ɗauke shi da hannu ka wurga ka gani ko taku uku ba zai yi ba. Igiyar ce mai nauyi, ita ake jefawa, ƙudan biyo ta kawai yake. Shi ya sa ma ake ba igiyoyin nan lamba, tun 1961 masu ƙera kayan fatsa a Amurka suka tsayar da ma'auni cewa a auna ƙafa 30 na farkon igiya, lamba 5 nauyinta giren 140 (giren wani ƙaramin ma'aunin nauyi ne) wato wajen giram 9, lamba 8 kuma giren 210. Ma'ana sandarka an yi ta ne ta lanƙwasa daidai idan akwai kamar mita 9 na igiya a waje. In ka fito da mita 3 kawai ba za ka ji nauyin komai ba, sai ka ga kana ta kaɗa iska.

To tas ɗin da kake ji sauri ne. Ka kai sanda baya, igiya ba ta gama warwarewa ba ka riga ka fizgo ta gaba, sai bakin zaren ya juyo da gudun da ya fi ƙarfinsa ya tsinke. Maganinsa jira. Ka tsaya a ɗan karkace, ƙafar ɓangaren hannun da kake jifa da shi tana baya, ka waiwaya ka kalli igiyar da idonka tana miƙewa, sai ta kusa miƙewa sarai kafin ta fara faɗuwa sannan ka taho gaba. Gajeriyar igiya gajeren jira, doguwa dogon jira. Babu wani lissafin daƙiƙa da zan ba ka, ido ne zai koya wa hannu.

Na biyu tsayawa, kuma ni a wurina wannan shi ne kan maganar gaba ɗaya. Ka ɗauka laka ce ka manna a kan sanda kana so ka cilla ta jikin bango, in ka fizga tun farko za ta faɗo a ƙafarka, in ka tafi a hankali har ƙarshe ba za ta bar sandar ba, sai ka fara a sannu kana ƙara gudu kana ƙarawa sannan ka tsaya cak. Wannan tsayawar ce take sa sandar da ta lanƙwasa ta miƙe ta tura igiya. Baya ka tsaya cak, gaba ka tsaya cak. Yawancin masu koyo gaba suke kula da shi su manta baya, alhali in na baya ya ɓaci na gaba ba ya gyaruwa.

Sannan kafin ka ɗaga, kan sanda ya kasance ƙasa dab da ruwa, igiya a miƙe ba sako-sako. In ka fara da sanda a sama rabin tafiyar hannunka za ta ƙare ne wajen kwashe sakon igiya. Babban yatsa a saman mariƙi, wuyan hannu kar ya karye, ka tsayar da sanda wajen ƙarfe 10 a gaba da ƙarfe 2 a baya in ka ɗauka fuskar agogo ce a gefenka.

Uwar_Tagwaye ta rubuta:

Ɗan uwa kafin komai dan Allah ka sa tabarau da hula duk lokacin da za ka yi jifa, ko gwaji ne. Ƙugiya ce ke wucewa ta gefen kunnenka da gudu, ido kuma ba shi da na canji. Lokacin koyo ma ka cire ƙudan gaba ɗaya ka ɗaura ɗan guntun zaren ulu mai launi, ka je fili mai ciyawa ba kan kwalta ko siminti ba don suna cinye rufin igiya. In za ka shiga ruwa ka matse ɗan haƙorin ƙugiyar da filaya, ko ta shiga fata za ta fita da sauƙi, kifin da za ka saka ma ba zai ji ciwo sosai ba. Kuma sandunan nan na girafait suna ɗaukar lantarki, ka duba sama ko akwai waya, in hadari ya taso da walƙiya ka kwantar da ita ka bar wurin.

Mai_Dogon_Zare ya rubuta:

Baba Dattijo Allah ya ƙara girma, duk abin da ka faɗa haka yake, sai dai maganar ƙarfe 10 da ƙarfe 2 ɗin nan ina da ja a kanta. Tana taimakon mutum ranar farko amma in ya riƙe ta gam ita ce za ta hana shi ci gaba, don faɗin buɗewar sanda ba abu ɗaya ba ne kullum, da tsawon igiya yake tafiya. Igiya kaɗan sanda kaɗan take lanƙwasa, buɗewa kaɗan take so, kamar 11 zuwa 1 ma ya isa. Igiya da yawa sanda ta lanƙwasa sosai dole ka buɗe ka kuma tsawaita tafiyar hannu. Lefty Kreh wanda ya rasu a 2018, ɗaya daga cikin manyan malaman jifan nan, shi sam bai yarda da koyar da agogo ba, yana koyar da a kai hannu baya sosai in ana son nisa.

Abin da ya kamata Sabon_Hannu ya sa wa ido shi ne hanyar da kan sanda yake bi a iska, don igiya ba ta da wata dabara sai bin sawun kan sanda. In kan ya bi miƙaƙƙen layi, lanƙwasar igiyar da ke tafiya gaba za ta fito a matse, faɗinta bai fi ƙafa 2 zuwa 3 ba, tana yanka iska tana tafiya. In ka karya wuyan hannu kan sanda ya zana baka daga ƙasa ta baya zuwa ƙasa ta gaba, lanƙwasar ta buɗe ƙatuwa iska ta tare ta, shi ne zubewar nan da kake gani a gabanka, kuma ina kyautata zaton ƙudanka yana taɓa ƙasa ta baya ma. Gwada ka cusa gindin sandar cikin hannun rigarka ko ka ɗaure shi da roba a jikin hannunka, nan take za ka ji duk lokacin da wuyan hannu ya so karyewa.

Su kuma ƙullin da ka ce ba kai ka ƙulla ba, mutane suna ɗora wa iska laifi amma ko ranar da ganye ba ya motsi za ka same su. Abin da ke faruwa shi ne ka zuba ƙarfi gaba ɗaya a farkon tahowa, sanda ta lanƙwasa fiye da kima kanta ya nutse ƙasa da layi sannan ya taso, sai ɓangaren igiyar na sama ya faɗo ya gitta na ƙasa, zaren gaba ya shige cikin kansa. Wani abin da ke jawo shi kuma, kana jiran igiya ta miƙe a baya amma hannunka yana satar tafiya gaba a hankali ba ka sani ba, lokacin da za ka yi jifan filin da ya rage maka kaɗan ne sai ka cike da fizga. Ka sa wani ya ɗauke ka bidiyo da waya daga gefe ka kalla a hankali, za ka ga abin da idonka. Kuma duk ƙullin da ka gani ka kwance ko ka yanke ka sake, yana rage ƙarfin zaren sosai, daidai nan babban kifi zai tsinke maka.

Ƙarfi kuwa ka rage shi rabi. Joan Wulff, wata gwanar jifan nan 'yar Amurka, ba wata ƙatuwa ba ce amma ta jefa ƙafa 161 da sandar hannu ɗaya a 1960.

Sabon_Hannu ya rubuta:

Na gode ƙwarai iyayena da yayyena, Allah ya saka da alheri. Na gwada da ulu a kan ciyawa ina waiwaye kamar yadda Baba ya ce, tas ɗin ya daina, kuma maganar wuyan hannu gaskiya ce don da na cusa gindin sandar a hannun riga igiyar ta fara kwanciya a miƙe. Saura tambaya biyu, inda nake son yin fatsar bishiyoyi ne a bayana babu filin kai igiya baya, ya ake yi? Sannan na ga wasu suna jan igiya da hannun hagu lokacin jifa tana tafiya nesa sosai, in fara koyon shi yanzu?

Dattijon_Gaɓa ya rubuta:

Madalla ƙanena. Mai_Dogon_Zare maganarka gaskiya ce ban musa ba, ni dai ina ba mai koyo agogo ne don ya san akwai wurin tsayawa, in hannu ya gane sai a ajiye shi.

Wurin bishiyoyi jifan mirgine ake yi, igiya ba ta zuwa baya sam. Ka bar ta kwance a kan ruwa a gabanka, ka ɗaga sanda a hankali kana jawo ta ba tare da ka cire ta daga ruwa ba har hannunka ya zo daidai kunne, sandar ta ɗan wuce kafaɗa ta kuma ɗan karkata waje. Za ka ga igiya ta rataya daga kan sanda ta yi ciki a bayanka kamar harafin D, bakinta da ƙudan suna nan riƙe a ruwa. Ka ɗan dakata, sannan ka yi jifan gaba yadda ka saba, ƙarin gudu a sannu da tsayawa cak, sai ta mirgina ta miƙe. Ruwan ne yake riƙe bakin igiyar har sanda ta samu abin ja, shi ya sa a kan ciyawa ba ya yin kyau, sai ka je bakin ruwa. Kar ka sara sandar ƙasa cikin ruwa, ka nufi sama da fuskar ruwa kaɗan. Kuma kar ka jefa ta kan igiyar da ke kwance, in kai badame ne ka nufi hagu da ita kaɗan, in ba haka ba za ta harɗe da kanta. Daga irin wannan ne jifan Spey ya fito, sunan wani kogi ne a Sukotland inda ake kama kifin salmon da doguwar sanda ta hannu biyu.

Jan hagun nan kuwa ja biyu ne, ɗaya lokacin kai wa baya ɗaya lokacin tahowa gaba, yana ƙara wa igiya gudu. Wani gwanin jifa Marvin Hedge ne ya fito da shi fili a gasar jifa ta birnin St. Louis na Amurka a 1934. Yana da amfani ga iska da manyan ruwa amma ba yanzu ba, in ka ɗora shi a kan hannun da bai daidaita ba ƙullin ne zai ƙaru. Ka ajiye faranti ko hula a ƙafa 25 da 30 da 35 ka riƙa sauke ulun a ciki ko kusa, minti 15 kullum ya fi awa uku rana ɗaya don da hannu ya gaji fizga yake komawa. A ƙaramin kogi yawancin kifin da za ka kama bai wuce wannan nisan ba.

Uwar_Tagwaye ta rubuta:

Ƙari kaɗan tunda za ka koma ruwa. Ka lura da iska, in tana bugowa ta ɓangaren hannun da kake jifa da shi za ta turo ƙugiya jikinka, sai ka karkatar da kan sanda ta ɗaya kafaɗar igiya ta wuce ta can, ko ka juya bayanka ga ruwa ka sauke jifan baya a matsayin na gaba. Sannan wani lokacin jifa ya yi kyau amma zaren gaba ya ƙi miƙewa, to ba hannunka ba ne, ƙudan ne ya fi ƙarfin zaren. Ka raba lambar ƙugiya da 3 za ta ba ka kusan lambar zaren da ya dace, ƙugiya lamba 12 zare 4X, lamba 16 kuma 5X, kuma ka tuna duk yadda lambar X ta hau zaren sirancewa yake. Ga mai koyo zaren gaba mai ƙafa 7 da rabi ya fi mai ƙafa 9 sauƙin juyawa. In ka ciro shi daga leda ya nannaɗe ka ja shi tsakanin yatsunka har ya ɗan yi ɗumi ya miƙe kafin ka ɗaura ƙuda.