Bayan rasuwar Margot Friedländer: ta yaya ake tabbatar da tarihin irinta?

Ummu_Tarihi: Assalamu alaikum. Margot Friedländer ta rasu a Balin ranar 9 ga Mayun 2025 tana da shekara 103, ɗaya daga cikin Yahudawan da suka tsira daga hannun 'yan Nazi. Masu ba da shaida da bakinsu suna ta ƙarewa. Idan mutum zai rubuta tarihin irinta, da me ake tabbatar da shi, kuma ina aka fi yin tuntuɓe?

Malam_Ajiya: Wa alaikumus salam, Malama. Fara da suna, don nan mutane ke ɓacewa. Da Bendheim aka haife ta a 1921. Friedländer sunan mijinta ne, Adolf, wanda ta aura a 1945 bayan an 'yantar da Theresienstadt, sansanin da 'yan Nazi suka tsare ta. Wanda ya nemi takardun lokacin yaƙi da sunan aure, hannu rabbana zai dawo. Ki gwada sunan haihuwa da ranar haihuwa, sannan ki sassauya rubutun, domin ɗigo biyun da ke kan harafi irin ä na Friedländer kan faɗi a takardun Amurka.

Daga nan sai rumbun Arolsen da ke Jamus, ma'ajiyar bayanan waɗanda 'yan Nazi suka zalunta, mai takardu kusan miliyan 30 kan mutum miliyan 17.5. Bincike kyauta ne ta intanet. Amma kula: littafin tunawa na rumbun gwamnatin Jamus da takardun shaida na Yad Vashem, cibiyar tunawa da kisan Yahudawa da ke Kudus, don waɗanda aka kashe aka tanade su. Mahaifiyarta Auguste da ƙanenta Ralph, da aka kai sansanin kisa na Auschwitz a 1943, su ake nema a waɗannan biyun. Margot kuwa ta ɓuya wata 15 a Balin kafin a kama ta a 1944, kuma mai ɓuya ba ya barin takarda. Wannan giɓin sai shaidar baki.

Baba_Sani: Ƙari kan na Malam. Shaidar baki ma da ƙa'idarta. Gidauniyar Shoah, da aka kafa a 1994, ta naɗi hira sama da 50,000 da waɗanda suka tsira da sauran shaidu, kuma tsarinsu kashi uku ne: kafin yaƙi, lokacinsa, da bayansa. Kashi na uku shi ake yi wa riƙon sakainar kashi, kuma wannan na ci mini rai. Matar nan ta yi shekara 64 a Niyok, mijinta ya rasu a 1997, ta koma Balin da zama a 2010 tana da shekara 88, ta shiga makarantu tana magana da ɗalibai. Shekara 80 ke nan bayan sansani. Tsoho na iya ruɗa wata ko shekara, to sai a gyara da takarda a gefe, kada a taɓa kalamansa.

Hajiya_Bilki: Sai duwatsun tuntuɓe na mai zane Gunter Demnig, da ake kira Stolpersteine, waɗanda ake sawa don tunawa da mutanen da 'yan Nazi suka zalunta. Dunƙulen kankare ne, fuskarsa tagulla, santimita 10 kowane gefe, ana binne shi daidai da daɓen titi a ƙofar gidan ƙarshe da mutum ya zauna da son ransa. A ƙa'ida, gidan da aka tilasta masa komawa ba ya cikin lissafi. Kowane mutum da dutsensa: suna, shekarar haihuwa, lokacin da aka kwashe shi, da makomarsa. Wanda ya tsira ma ana yi masa, don iyali su haɗu wuri guda. Na dangin Margot suna lamba 32, titin Skalitzer a Balin.

Kafin a binne dutse, sai an samu izinin hukumar gari, an kuma tuntuɓi dangi. Birnin Munich na Jamus ya hana su a kan titunan gwamnati tun 2004, saboda wasu na ganin ana taka sunayen mamata. Tagullar kuma tana yin baƙi har rubutu ya dusashe, shi ya sa maƙwabta ke fitowa da tsumma da man goge ƙarfe, galibi a ranakun tunawa na 9 ga Nuwamba ko 27 ga Janairu.