Aminiyata ta fita takaba amma ba ta dawo daidai ba, me zan yi mata?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema a kan aminiyata, tun muna 'yan mata muke tare. Tana Fadaman Mada, ni ina Yelwa, duk a nan Bauchi. Mijinta ya rasu, Allah Ya ji ƙansa, ta yi takabarta wata huɗu da kwana goma ta fita. Lokacin zaman makoki gidan ba masaka tsinke, yanzu kowa ya kama gabansa, daga ita sai yara uku. Ta rame, barci ba ya zuwa, asibiti kuma sun ce hawan jini ya kama ta. In na kira ta sai "lafiya lau, alhamdu lillahi". In na ce me kike buƙata, ta ce babu komai. Ni malamar firamare ce, kun san albashin. Me zan yi mata da bai fi ƙarfina ba? Kuma ku da kuke kula da kanku, me kuke yi a hunturun nan da kuka ga amfaninsa?

Hajiya daga Nasarawa Jahun: Wa alaikumus salam. 'Yata, ki daina tambayarta me take buƙata, kunya ba za ta bar ta ta faɗa ba. Na bi wannan hanyar, na sani. Masu kawo buhun shinkafa sun kawo, Allah Ya saka musu, amma wadda ba na mantawa da ita maƙwabciyata ce. Duk Juma'a da hantsi za ta shigo da matajinta da kibiya a cikin leda, ta zaunar da 'yan matana ta tsefe musu kai ta yi musu kitso, ba ta ce da ni uffan a kan rasuwar ba. In ta gama ta ce, "Juyo, saura ke." Ina zaune a gabanta tana kitso nake kukana, ba mai ganin fuskata. Ki zaɓi rana ɗaya a mako, ki riƙe ta gam, ta san ranar nan kina tafe ko da hannu biyu ne. In kin shiga kada ki zauna a falo a kawo miki ruwa. Wuce madafa, ki ga abin da ya ƙare.

Ma'aikaciyar jinya: Anti, abin da Hajiya ta faɗa shi ne. Ni ta ɓangaren hawan jinin zan ƙara. Abin da muka fi fama da shi a wajen aiki, mutum ya sha magani ya ji sauƙi ya ajiye, alhali cutar ba ta cika nuna alama ba. Ki raka ta awo, ku sayi ɗan littafi ana rubuta mata lambar duk zuwa. In tana kaiwa 140 bisa 90 ko ta wuce, likita ya gani. Sai gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a rana, kusan cokalin shayi ɗaya ke nan, kuma har da wanda ke cikin dunƙule da kanwa. A rage dunƙule, a ƙara daddawa da albasa da citta, miyar ba za ta yi lami ba. Tafiyar ƙafa kuma minti 150 a mako ake so, wato rabin awa sau biyar. Ita kaɗai ba za ta fita ba, amma in kin ce ta raka ki kasuwa za ta saka hijabi.

Maman 'yan biyu: Ni dai abin da nake yayi yanzu zoɓo ne ba sukari, da citta da kanumfari, in sha shi da ɗumi bayan isha'i. Sai man kaɗanya a diddige kafin in kwanta, in saka safa, faso ya zama tarihi. Ki ɗura mata man a ƙaramar kwalba, kuɗin ba yawa. Kuma don Allah ki kai mata masa mai zafi da safe, ba ɗan Bauchin da zai ga masa da miyar taushe ya ce ba ya jin yunwa.

Ma'aikaciyar jinya: Masar ba laifi, tunda ma ba ta ci, sai dai a yi hankali da yajin ƙuli, gishirinsa da yawa. Zoɓo kuwa yana ɗan saukar da jini, don haka ta gaya wa likita tana sha, kuma kada ya maye gurbin ƙwayoyinta.

Malamar Islamiyya: Allah Ya saka miki, 'yar uwa. Ya tabbata Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana sa a dama talbina ga mara lafiya da wanda aka yi wa rasuwa, saboda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce tana sanyaya zuciyar mara lafiya, tana rage baƙin ciki. Kunun garin sha'ir ne, a sa madara da zuma. Roƙona ɗaya, a rage mata "ki yi haƙuri". Ta ji shi har ya ishe ta, kuma haƙurin take yi. Ku yi azkar ɗin yamma tare ko ta waya ne.

Wata daga Gwallameji: Ni ina ganin akwai abin da ba a taɓo ba. Wani rashin barcin lissafi ne, kuɗin makaranta da haya da cefane. Tana da sana'a? In tana dambun nama ko cincin, ki kai ajin malamai ki tallata mata, ki ɗora a status. Sayen kayanta ya fi mata daɗi a kan sadaka, ba za ta ji nauyi ba.

Mai tambaya: Wallahi kin taɓo wurin. Tana turaren wuta da humra mai kyau, tun rasuwar ta ajiye. Muna da adashe a makaranta, zan nemi a sa ta.

Ma'aikaciyar jinya: Madalla. Amma Anti ki sa ido, in rashin barci da rashin cin abincin nan ya ci gaba, ko kika ji tana cewa ta gaji da duniya, kada ki bar shi a hira. Ku faɗa wa likitan da ke duba ta, ciwon damuwa ana maganinsa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Na ɗauki Asabar, tunda ba makaranta. Malama, ina zan samu garin sha'ir ɗin?

Malamar Islamiyya: Tambayi masu sayar da zuma da habbatus sauda, galibi suna ajiyewa. In ba ki samu ba, dama mata kunun gyaɗa, ki zuba a fulas yadda zai kai Fadaman Mada da zafinsa.