Rawar Ayalan ta shigo gidana: wa ya taɓa bin wannan hanya?

Maman 'Yan Biyu, Dablin

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni. Hassanata shekararta 9, kuma shekara biyu ke nan tana zuwa ajin rawar gargajiyar ƙasar Ayalan (Ireland) duk Laraba a zauren unguwarmu. Na sa ta ne don ta rage zaman ɗaka lokacin hunturu, tunda nan ƙarfe huɗu da rabi duhu ya rufa. To, abu ya kama ta. Ko wanke-wanke na sa ta, hannu na cikin kumfa, ƙafa na ƙasa tana aiki. Malamarsu dattijuwa ce, ta doshi 70, tun tana 'yar shekara 4 take rawa. Makon jiya ta tare ni a bakin ƙofa ta ce yarinyar tana da kunne, in bar ta ta fara shiga gasar da suke kira fesh. Babansu bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ni kuwa gajeriyar rigar nan da gashin kanti da na gani a hotuna sun tsaya mini a rai. Don Allah wanda ya taɓa, ya ba ni labari.

Baban Walida, Galway

Wa alaikumussalam Hajiya. Abin da ya tsaya miki shi ya tsaya mini. Na je da kaina na zauna da malamar, na faɗa mata yadda muke sa sutura a gidanmu. Ba ta ɓata rai ba. Ta nuna mini cewa masu farawa siket da riga kawai suke sawa, ko rigar makarantar rawar, kuma gashin kanti ba wanda ya wajabta shi. 'Yata ta yi shekara biyar tana shiga gasa da riga mai dogon hannu da baƙar safa mai rufe ƙafa gaba ɗaya. Da ta kai 13 muka zauna da ita da mahaifiyarta, muka tsaya a kan ta ci gaba da zuwa aji amma ta bar hawa dandamali. Ta yi kuka ranar, ba zan ɓoye ba. Kowa ya san gidansa. Amma ki je ki yi magana da malamar ido da ido, kada ki yanke hukunci da hoton intanet.

'Yar Fagge, Limerick

Anti, ni ce Hassanarki shekara ashirin da suka wuce. An kawo ni ƙasar nan a 2003 ina da shekara 7, Turancina bai fi kalma goma ba. A aji ban da bakin magana, a filin wasa ban da ƙawa. Wurin rawa ne kaɗai ba a bukaci in ce komai ba.

Ba na mance ranar farko. Malamar ta durƙusa a gabana, mace mai furfura, ta kama diddigena da hannunta biyu ta juya ƙafafuna waje, ta ɗora ɗaya gaban ɗaya. Ta miƙar da hannayena a gefen jikina, ta dafa tsakanin kafaɗuna har na miƙe sak. Sannan ta riƙe yatsuna muka tafi gefe tana ƙirgawa, ɗaya zuwa bakwai, mu dawo, sai uku-uku sau biyu. Bakwai da uku ɗin nan su ne alif da ba na wannan rawa, kuma da su na iya ƙirga da Turanci.

Ita ta ba mu labarin malaman rawa na da, waɗanda suke yawo ƙauye-ƙauye shekara ɗari biyu da wani abu da suka wuce, su sauka gidan manomi su yi makonni suna koyar da yara. Yaron da ya kasa bambance dama da hagu, sai a ɗaura masa ciyawa a ƙafa ɗaya, kara a ɗayar, a riƙa kiran sunan abin da aka ɗaura. Ta kuma ce kafin 1994 ajinta bai cika ɗaki ba. A shekarar ne aka fara nuna Riverdance, wasan rawar Ayalan da ya shahara a duniya, minti bakwai kacal, a tsakiyar gasar waƙa ta Eurovision a Dablin, Michael Flatley da Jean Butler a gaba. Bayan nan sai da ta ƙara ranaku saboda yawan yara.

Yau ni ma koyarwa nake, ƙarƙashinta, ina shirin jarrabawar TCRG. Takardar shaidar malanta ce ta An Coimisiún le Rincí Gaelacha, hukumar da ke kula da rawar Ayalan, kuma ba wasa ba ce: sai ka haddace raye-rayen taro guda 30 da ake kira keli, wa ke riƙe hannun wa, a wane bugu ake juyawa, sai a sa maka kiɗa ka faɗi ko ril ne mai ƙirga huɗu, ko jig mai shida, ko silif jig mai tara, sannan a ba ka yaran da ba ka taɓa gani ba ka koyar da su a gaban alƙalai. Gwiwoyin malamata sun gaji, a kujera take zama yanzu, amma da tafin hannunta a kan cinya take buga mana taku, kuma ko bayanta ta juya tana jin wanda ya makara da rabin bugu.

Gaskiya ɗaya zan faɗa miki. Na sha shiga zauren gasa ni kaɗai ce baƙar fata, kuma akwai idon da ke bin mutum. Wata uwa ta taɓa tambayata ko na ɓata hanya ne. Shi ya sa a 2020, da bidiyon Morgan Bullock, baƙar fata 'yar Amurka, ya bazu a TikTok, daga baya ta shiga Riverdance, na zauna na yi ta hawaye. Yaranku ba za su sha kaɗaicin da muka sha ba, in sha Allahu.

Kaka Mai Ritaya, Kano

Jikata ce ta karanto mini wannan zance, na ce ta rubuta mini. 'Yar Fagge, Allah ya yi miki albarka, kin tuna mini ƙuruciya. Sistocin St Louis daga Ayalan suka zo Kano a 1948, kuma a hannunsu na yi karatu. Duk 17 ga Maris, ranar Saint Patrick, waliyyin Kiristocin Ayalan, wata sista takan jera mu biyu-biyu muna fuskantar juna, mu matso mu koma, mu yi musayar wuri. Sunan rawar Ganuwar Limerick. Mu 'yan Kano da muka ji ganuwa sai muka ɗauke ta tamu. Ƙafa ba takalmi muke yi, a kan siminti, ita tana rera kiɗan da baki. Ashe garin da kike zaune ke nan.

Nas Ɗin Dare, Cork

Ni ta fannin jiki zan yi magana, don ɗana ya yi shekara shida a ciki. Takalmi iri biyu ne: mai laushi na fata mai igiya, da mai tauri wanda ake liƙa wa ƙwanƙwasa a baki da diddige. Ranar da aka ba shi mai taurin, kakansa ya ji a waya ya ce wannan ai koroso ce ba akayau. Kada ki bari ta yi atisaye a kan tayil ko siminti, ƙashin ƙwauri da idon sawu ne ke biya. Mu sai da ya yi wata biyu yana ɗingishi, ga maƙwabcin ƙasa yana buga mana rufi, kafin na sayo fallen katako na shimfiɗa masa a kan kafet. Batun kuɗi kuma, rigar manyan gasa sabuwa tana haura Yuro 1,000, amma iyaye na sayar wa juna na hannu, takalma ma haka.

Maman 'Yan Biyu, Dablin

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Kaka, na karanta wa Hassana naki, ta ce su ma an koya musu Ganuwar. Mun yi magana da babansu daren jiya, ya ce Laraba tare za mu je wajen malamar. Ƙanwata 'Yar Fagge, gashinta fa? Kitso ne da ita, ba na son a taɓa mata shi.

'Yar Fagge, Limerick

Kada a taɓa, Anti. Da shuku na yi gasata ta farko. A dai ɗaure shi tamau don kada ya riƙa dukan fuskarta in ta yi tsalle. Ki tafi da ruwa da abinci, fesh wuni ake yi ana jiran a kira lamba. Ki kuma riƙe fil guda huɗu a jaka, na maƙala lambar a gaban riga, kullum sai an samu uwar da ta mance nata.