Sauya tayar motar tsere daga bulon biyar zuwa noti ɗaya na tsakiya

Makanikai a wani garejin Yamai sun tattauna wannan aiki, ga abin da suka tsaya a kai.

Hanya biyu ce: a ɗaure adafta kan tsohon mazaunin taya, ko a sauya mazaunin gaba ɗaya. Adafta ta fi araha, amma tana ƙara nauyi, tana tura taya waje, sai bayarin da taya ke juyawa a kansa ya riƙa saurin ci. Kowace aka bi, sai an sayi sababbin janti.

Notin, matsewa ne aikinsa. Ƙusoshin da ke shiga ramukan bayan janti su ke hana shi zamewa, don haka in ramukan sun buɗe a ajiye jantin.

An fi daɗewa kan ɗauri, kuma ya cancanta. Bulon na yau da kullum yawanci Nm 110 zuwa 130 yake so (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri), amma notin motocin Porsche Nm 600 yake so. Sai dogon kile mai awo, mota a ɗage, wani ya taka birki. In an ɗaure taya tana ƙasa, janti bai zama daidai, noti ya sassauta a hanya. A yawancin motocin tsere notin ɓangaren dama ɗaurin hagu gare shi, kada a musanya. Makullin tsaro da ke hana noti kwancewa kuwa a ga ya fito kafin mota ta tashi.

Ƙurar hunturu na manne wa giris ta cinye zaren noti. A wanke, a shafa sabo duk ɗauri.

Wanda tserensa babu sauya taya a tsakiya, sun ce ya bar bulon ɗinsa.