Musayar waƙa: wa ya cancanci lambar yabon makaranta?

Malam na unguwar Zariya:
Assalamu alaikum ƴan uwa. In makaranta da ƙungiyar tsofaffin ɗalibanta suna son karrama waɗanda suka yi fice a sana'a da hidimar jama'a, ta ina za su fara? Ga tawa, mai amsa ya amsa da waƙa.

Da sunan Rabbu za ni farawa,
Shi ke bai wa bawa baiwa,
Zance na kawo don tattaunawa,
Kan lambar yabo ta makaranta.

Yaro ya yi lakkwal ya gama,
Ya kama sana'a ta kankama,
Ya juyo ya taimaki al'umma,
Ya dace sunansa a ambata.

Amma kafin a kafa rumfa,
Kafin a ɗinka sabuwar tufa,
Sharuɗɗa ne za a fara kafa,
A takarda, kowa ya karanta.

Na fari, rajista za a buɗe,
A kaɗe ƙura, a warware,
A ga shekarar da ya shiga ya ƙare,
Ba a aiki da ji-ta-ji-ta.

Na biyu a ƙirga shekara 10,
Da barin aji, sannan a soma,
Aikin jiya-jiya bai da alama,
Sai ya jima ake gane nagarta.

Na uku a kasa maki 100,
40 na hidimar mutanen gari,
30 na sana'a da kyan tsari,
20 na waiwayen makaranta.

Sauran 10 na hali ne,
Riƙon amana ko ina ne,
In babu wannan, ko wane ne,
A ajiye takardarsa a manta.

Lamba 5 ta isa a shekara,
In ta kai 30 an yi asara,
Darajarta ta zube ta gangara,
Ba mai sha'awar ya rataya ta.

Hajiya ta Bagalam:
Malam, sannu da ƙoƙari. Ma'auni ya yi, saura mai awo.

Malam, ka kasa maki daidai,
Amma ba ka faɗi mai ba da shi ba.

Kwamiti na mutum 7 za a naɗa,
Adadin da ba zai rabu biyu ba.

Darakta ɗaya, malamin aji ɗaya,
Wanda bai ajiye alli ba.

Uba ɗaya daga ƙungiyar iyaye,
Uwa ɗaya, ba don ado ba.

Tsofaffin ɗalibai su ba da 2,
Waɗanda ba su shiga takara ba.

Na 7 ɗalibi mai zaman aji,
Don taron ba na manya ne kaɗai ba.

In ɗan uwanka na cikin jerin,
Ka fita, ba za ka ba shi maki ba.

Kowa ya cika takardarsa shi kaɗai,
Ba tare da ya leƙa ta wani ba.

A tara maki a raba da 7,
Ba abin da babba ya furta ba.

In ɗaya ya fita a raba da 6,
Lissafin bai ɓaci ba.

Sai batun mata, ƴan uwana,
Nan ne ban ga an yi adalci ba.

Yarinya ta ci BEPC, jarrabawar gama kwaleji, ta yi aure,
Ta koma Dakoro, ba a sake jin ta ba.

Ga ta ungozoma a asibitin ƙauye,
Dare bai taɓa hana ta fita ba.

Ba ta cikin WhatsApp na ƙungiya,
Shi ya sa sunanta bai zo ba.

A kai sanarwa rediyo da Hausa,
Ba Faransanci kaɗai ba.

A faɗa a gidan biki da na suna,
Inda takarda ba ta kai ba.

A karɓi suna ko da baki ne,
Rashin rubutu bai hana ba.

Cikin 5 a ware 2 na mata,
A rubuce, ba alfarma ba.

Ɗan Tasawa:
Hajiya, Allah shi ƙara girma. Ni wajen tantancewa zan tsaya, don nan ne ake yawan yin sakaci.

Hajiya kin gyara zance,
Saura aikin da ke a rubuce,
Kowa na iya zuwa ya ce,
Sai an taka an tantance,
Mutum 2 su je su gani.

In an ce rijiya ya gina,
Kar a je ta da damina,
A je Afrilu, tsakar rana,
A ja guga a gaban juna,
Ruwa ya fito, shi ne bayani.

In fanfon sola ne aka sa,
A duba tanki can bisa,
Da bututun da ke cikin ƙasa,
A tambayi wa ke gyaransa,
Kuɗin gyara na hannun wani?

Fanfo da yawa na mutuwa,
Alhali ƙasa na da ruwa,
Ƙaramin ƙarfe ke lalacewa,
Ba asusu, ba mai sayowa,
Sai a bar shi tsawon zamani.

In itatuwa ne ya dasa,
Ran 3 ga Agusta, ranar dashe, aka sa,
Hoton ranar ba ya isa,
A ƙirga masu rai a ƙasa,
Bayan hunturu da zafin rani.

Dashe 100 babu kariya,
Abincin akuya da tunkiya,
Gara 20 cikin ƙaya,
Da mai ba su ruwa da safiya,
Su ne za su yi amfani.

Akwai mai raya kututture,
Ya zaɓi toho 3 ya tsare,
Sauran rassan ya sassare,
A jihar Maradi ya fara ya ɗore,
Shi ne sassaben zamani.

Tun shekarun 1980 ake yin sa,
Wanda ya koya wa maƙwabtansa,
Gawo ya tsaya a gonarsa,
Ko da BEPC ce iyakarsa,
Ya cancanci lamba, in ji ni.

Sai aji, nan zuciya ke ƙuna,
Nuwamban 2021 mu tuna,
Wuta ta kama ajin zana,
A Maradi muka rasa da rana,
Yara sama da 20, ya Rahamani.

Wanda ya sauke ajin kara,
Ya sa bulo da siminti ya gyara,
Ƙofa mai buɗewa waje ya ƙera,
Da tagogi, iska ga yara,
40 ɗin nasa ne, ba wani tunani.

Amma a ɗaga kai a dubi rufi,
Ko an ɗaure kwano da ƙarfi,
Iskar farkon damina kan tafi
Da rufin da ƙusarsa ba zurfi,
A ƙirga tebur, a duba gini.

Ƙanenku na Ali Ɗan Sofo:
Yayyena da iyayena, ku yi mani haƙuri, ina da ja.

Yayyena ku ba ni dama,
Ina da magana kan alhazanmu.

Maradi garin fatauci ne,
Kasuwa ce ta riƙe mu.

Daga Ɗan Isa har Jibiya,
Motocinsu ke ɗauke da kayanmu.

Wanda ya ɗauki matasa 50 aiki,
Ya rage zaman banza a unguwarmu.

In shi ya biya rumfa da kujeru,
Mu hana shi lamba, ina kunyarmu?

Baba tsohon darakta:
Ɗana, tambayarka ta yi kyau, kuma ita ce ke raba kan ƙungiya in ba a yanke ta tun farko ba.

Ɗana, ba a hana ɗan kasuwa ba,
Maki 30 na sana'a na jiran shi.

A tambayi yaran da ke shagonsa,
Ko albashi na zuwa kan lokacin shi.

Nawa ya koya wa ya sallama,
Kowa ya buɗe wurin kan shi?

Wannan ita ce nasarar sana'a,
Ba a ƙirga motocin gidan shi.

Amma wanda ya biya kuɗin buki,
A bana a cire sunan shi.

Ya jira baɗi ko baɗin baɗaɗa,
Aikin na nan, ba mai ɗauke shi.

In gudummawa da lamba sun haɗu,
Gari zai ce ya saya da kuɗin shi.

Ko ya cancanta an ɓata mai,
Yara su daina ganin girman shi.

Haka mai riƙe da muƙami yanzu,
A bari sai ya sauka daga kujerar shi.

Kuɗin buki ya fito daga ƙungiya,
Kowane mamba ya kawo na shi.

Jika 1 ko jika 5, a ba da rasiɗi,
Ma'aji ya rubuta a littafin shi.

Cikin kowace jika 10 da aka tara,
3 ta isa buki da abincin shi.

7 ta tafi tebur da littattafai,
Da kuɗin jarrabawar wanda ba shi da shi.

Ma'aji da shugaba su sa hannu tare,
Ba mai taɓa dala da ikon shi.

Yaya ta Mokoyo:
Baba, Allah shi ja da rai. Ga jadawalin shekara da tsarin ranar kanta.

Janairu a buɗe karɓar suna,
Ƙarshen Fabrairu a rufe a zauna,
Maris zuwa Mayu a bi gari da gona,
Masu tantancewa su yi aiki.

Yuni da Yuli a bar malamai,
Jarrabawar BEPC da BAC sun sha musu kai,
Da damina gona ce kawai,
Oktoba kwamiti ya ba da maki.

Disamba kafin a tafi hutu,
Yara na nan kan karatu,
An gama girbi, ba sauran batu,
Nan ne lokacin yin buki.

Ƙarfe 8 na safe a fara,
Jawabi 3, kar a ƙara,
Kujerun gaba a ba yara,
Su ne masu wurin, manya baƙi.

Kowane gwani minti 10,
Ya faɗi ajin da ya soma,
Inda ya faɗi da yadda ya koma,
Yara su yi tambaya da baki.

Maroƙa a ware lokacinsu,
Bayan an rufe a sallame su,
In an fara liƙi a gabansu,
Mai kuɗi ne zai zama sarki.

Wajen suna a yi hattara,
Harafi ɗaya kan jawo asara,
Takardar haihuwa ce madogara,
Mai shi ya duba abin da ke ciki.

Tun 2025 a Nijar Hausa ce harshen ƙasa,
A rubuta takardar yabo da Hausa,
Faransanci ya biyo daga ƙasa,
A faɗi aikin, ban da "mutumin kirki".

A ce aji 2 ya gina a Tibiri,
Ko ta koyar a Madarumfa da haƙuri,
Abin da za a bi a gani a gari,
Shi ke rufe wa mai gunaguni baki.

Lambar kanta kar a yi nisa,
Fatar jar akuyar Maradi ta isa,
Dukawanmu su yi mata ado a bisa,
Ta fi gilashi jure zaman ɗaki.

Malamin lissafi na Gidan Runji:
Yaya, kin kai mu ranar buki lafiya. Washegari fa?

Yaya, an kwashe rumfa da kujeru,
Nan ne aiki ke macewa.

Wanda ya karɓa ya sa hannu,
Sau 3 a shekara yana dawowa.

Sau ɗaya kowane zangon karatu,
Awa 2 a aji yana zantawa.

Likita ya zo wa ƴan ajin kimiyya,
Mai walda ya zo da abin nunawa.

Wanda ya bi ta Lise Ɗan Baskore,
Ko ta fasaha, Ɗan Kasawa,

Ya kai yara Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo,
Su san akwai wurin zuwa.

A ba shi ɗalibai 2 ya riƙa bi,
Har ranar da za su yi jarrabawa.

Sakatare ya buɗe kundi daban,
Suna da aiki da shekarar bayarwa.

Kwafi ɗaya ofishin darakta,
A akwatin ƙarfe, don gara na cinyewa.

Ɗaya a ɗauki hoto a waya,
A tura wa mutum 3 don adanawa.

In daga baya ƙarya ta fito,
Kwamiti na da ikon janyewa.

A rubuta wannan tun cikin sharuɗɗa,
Mai shi a ba shi damar amsawa.

Hajiya ta Bagalam:
Saura ɗaya, Malam.

Malam, saura wanda ya riga mu,
Mutuwa ba ta share aikinsa ba.

Lamba 1 a shekara a ware masa,
Ba daga cikin 5 ɗin nan ba.

Sharuɗɗan nan dai za a bi a kansa,
Tausayi bai zama maki ba.

A yi sallama a gidan da sauran wata guda,
Kar su ji ba daga bakin ƙungiya ba.

Iyali ne za su zaɓi mai karɓa,
Ba kwamiti ne zai zaɓa ba.